Shekarar da Munduwata ta Zame

Abin da ya sa na ware wa wannan shekara babi guda, hoton nan ne da 'yar'uwarku Zainab ta sake turawa guruf ɗin dangi bayan ƙaramar salla. Kun san shi. Ni ce a tsaye a gidan suna a Babura, riga ta yi mini yawa, ƙashin wuya ya fito, ina murmushi ni kaɗai. Wata 'yar ƙanwar babanku, wadda a lokacin ko firamare ba ta shiga ba, ta rubuta a ƙasa cewa ai wannan ne lokacin da Baba ya bar Umma da yunwa har ta koma tallan nono. Ta ƙara da 'yar fuskar nan mai dariya. A cikinku babu wanda ya tanka mata, sai na gane ku ma abin da kuka taso kuna ji ke nan. Babanku bai gani ba, don har yau ƙaramar wayarsa mai tocila yake riƙewa. Ni na gani, kuma raina ya ɓaci ƙwarai. Don haka ku karanta wannan a tsanake, ba irin karatun da kuke yi wa waya da babban yatsa ba.

Sai na faro daga munduwa, in ba haka ba ba za ku gane komai ba. Kakarku Dada, wato mahaifiyata, Bafulatana ce ta rugar bayan Gwiwa, ba ta da akwatunan da za ta jera mini ranar da za a kawo ni Kazaure. Abin da take da shi munduwar azurfa ce mai kauri, wadda ita ma uwarta ta ba ta. Ni kuwa 'yar nono ce, hannuna cike yake, sai da ta shafa mini man shanu sannan munduwar ta wuce. Ni ce 'yar farinta, ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta kuma dubana ido da ido. Amma ran nan ta riƙe mini tsintsiyar hannu ta ce:

“Ke, wannan ita ce idona a gidan mutane. Muddin tana zaune a hannunki, na san ana riƙe ki. Ranar da ta zame, ba sai kin aiko ba, da ƙafata zan zo in ɗauke ki.”

Munduwa ba ta zame ba, nutsewa ma ta yi. Babanku malamin firamare ne, albashinsa ba wani abin a zo a gani ba ne, amma bai taɓa barin tukunyata ta kwana a kife ba. Bayan na haife ku na samu aikin buga takardu da tafireta a wani ofis a Roni, kullum in bi motar haya in je in dawo. Na so aikin nan, ƙarar tafireta har daɗi take yi mini. Daga baya aka kawo kwamfuta, aka kawo yara masu saurin hannu, ni kuma aka bar ni da tebur da kujera da sunan aiki. Cikin wannan zaman ne na sayi babbar waya. Daga nan yinina ya zama abu biyu, hannun hagu na jan hotunan bikin mutanen da ban sani ba, hannun dama na kai ƙosai da fanke baki, ga lemon kwalba a gefe. Jiki ya yi ta buɗewa, har munduwa ta shige cikin nama, ko juya ta ba na iya yi. Kuma kowa yabo yake yi. In na shiga gidan biki sai mata su ce, “Hajiya, kin samu duniya, Malam ya iya kiwo.” Babanku in ya ji sai ya sunkuyar da kai, amma na san yana jin daɗi.

Abin da masu yabon ba su gani ba shi ne kujerar roba da ke gefen daddumata. Gwiwoyina sun ƙi lanƙwasuwa, na yi shekaru ina salla a zaune, ina sunkuyar da kai a madadin sujada. Duk zuwan da Dada za ta yi sai ta ga kujerar nan, ta dube ta, ta kau da kai. Ba ta taɓa cewa uffan ba. Rannan jiri ya kwashe ni a bakin ofis, aka kai ni asibiti, likita ya ce jinina ya hau, ciwon suga kuma yana bakin ƙofa. Ya rubuta magani, sannan ya ce babban maganin shi ne in rage jiki.

Ku lura da wani abu a bakinmu. Mutum in ya yi ƙiba sai a ce ya murmure, ya yi kyau, hutu ya karɓe shi. In jikinsa ya ragu kuwa kalma ɗaya gare mu, ya rame, kuma ba a ramewa sai da ciwo ko yunwa ko baƙin ciki. Tunda nake ban taɓa jin an yi wa wani barka da ramewa ba. Matar aure in ta rame kuwa, ba ita ake kallo ba, mijinta ake kallo.

Da farko na nemi hanyar sauƙi. Wata mata a wani guruf tana tallan shayin rage ƙiba, da hotunan mata kafin su sha da bayan sun sha. Na saya. Na yi kwanaki ina zarya tsakanin ɗaki da banɗaki, har ƙafata ta daina ɗaukata. Babanku ya ɗauki kwalin ya jujjuya, babu sunan mai yi, babu inda aka yi shi, ya ce:

“Wannan ba rage ƙiba ba ne, rage rai ne.”

Ya kai shi shara da hannunsa. Bayan na warware sai na zauna na yi wa kaina tambaya, ban da tafireta me hannun nan nawa ya sani? Amsar tana nan tun ƙuruciya, nono ne. Na san madarar da aka tsarma da ruwa tun daga kallo, na san yadda ake kwantar da kindirmo ya yi kauri ba tsami. Ban yi gaggawar barin ofis ba, kuma ina so ku riƙe wannan. Ranakun Asabar da Lahadi na fara, in fita da sassafe a ƙafa zuwa wajen matan Fulani da ke bayan gari ta hanyar Gwiwa, in sayo madara, in dafa, in kwantar, ran Litinin in tafi da shi Roni a 'yan robobi. Fitar farko sai da na zauna a gindin kowace bishiya ina haki. Na yi watanni a haka, har masu nema suka fi ƙarfin abin da nake yi a kwana biyun nan. Sannan na tunkari babanku da maganar ajiye aiki. Ya ce:

“Kin san abin da za a ce. Matar malami ta bar ofis ta ɗauki ƙwarya, ga ta kuma tana ramewa. Ni za a zaga.”

“Na sani, Malam. In ka ce in bari, na bari.”

“Ban ce ba. A zage ni ɗin, in dai za ki daɗe tare da mu.”

Na ajiye aikin. Shi kuma bai tsaya nan ba. Ya ce ba za a yi tukunya biyu a gidansa ba, abin da zan ci shi zai ci. Muka koma malmala ɗaya ɗaya da miya mai yawa, dambun zogale, kwaɗon rama, wake, ruwa a madadin lemo. In na ajiye masa kwaɗo sai ya ce, “Mai cin rama kullum, ina za ta ƙi ramewa?” Waya kuwa na samo mata wurin kwana a cikin kwabet, ba na ɗaukar ta sai na gama da madara. Ban ji yunwa ba ko sau ɗaya a shekarar nan, Allah shi ne shaida. Kafin damina ta fita, wata rana ina wanke ƙwarya da ruwan ɗumi, hannuna duk maiƙo, sai na ji ƙaram a cikin baho. Munduwa ce. Na mayar, ta sake zamewa. Na naɗe ta a ƙyalle na ajiye a ƙasan akwati, ina tuna maganar Dada.

Cikin kwanakin ne aka yi sunan nan na Babura. Wata a cikin dangi ta ɗauke ni hoto ban sani ba, ta tura guruf, ba da mugun nufi ba, ta rubuta, “Allah ya ba Hajiya lafiya.” Kafin in iso gida wayata ta cika da amin. Washegari aka fara zuwa dubiya, kowa da lemon kwalba da burodi, wato ainihin abubuwan da suka kai ni asibiti. In na ce lafiyata ƙalau sai a ce Allah sarki, haƙuri gare ta. Daga nan labari ya yi rassa. Wasu suka ce korata aka yi daga aiki, wasu suka ce Malam ya karye, wasu suka ce mugunta ce kawai yake yi mini a ɓoye. Babanku ya daina zama a majalisar ƙofar masallaci, daga salla sai gida. Ranar da wani abokinsa ya ja shi gefe ya ce ya ji tsoron Allah a kan iyalinsa, ya dawo bai iya cin abinci ba. Ya ba ni tausayi har na yi kuka.

Hoton ya isa ruga ta wayar ƙanena, kawunku Buba. Shi ya ba ni labari daga baya. Ya ce Dada ko fuskar ba ta tsaya kallo ba, cewa ta yi:

“Buɗa mini wajen hannun.”

Ya sa yatsu biyu ya buɗa. Ta daɗe tana kallon hannuna babu komai a kai. Ta miƙe ta ce ya tayar da babur.

Da hantsi suka iso. Ta shigo da ƙullin kayanta da 'yar ƙwaryar fura, ta zauna a tabarma a tsakar gida. Na kawo ruwa ta sha, na kawo abinci ta ture shi gefe da bayan hannu. Da babanku ya dawo daga makaranta ya cire takalmi tun daga zaure, ya durƙusa daga nesa. Kun san Dada da kunyar suruki, ba ta taɓa haɗa ido da shi ba, ba ta taɓa cin abinci a gabansa ba. Ta juya masa baya ta yi magana kamar da bango take yi.

“A gaya wa mai gidan nan na zo ɗaukar kayana.”

Na zaci zai kare kansa. Bai yi ba. Ya ce:

“Inna, duk abin da kika yanke shi ke nan, ba ni da ja. Alfarma ɗaya nake roƙo, ki ɗan zauna ki ga zamanmu da idonki.”

“Zuwa ranar kasuwa,” in ji ta. “Amma ba zan ci tuwon gidan nan ba.”

Ku gane abin da ke gabanmu. Da Dada ta fita da ni daga gidan nan, ko da na mako ɗaya ne, magana ta tabbata ke nan, babanku ba zai sake ɗaga kai a Kazaure ba. Ni kuma ba zan iya ce wa uwata ba zan bi ta ba.

Na yi bayani har bakina ya bushe. Na kawo maganar likita, ta ce, “Likita ne ya haife ki?” Na ce ke ma ai ba ki da jiki, ta ce ita haka Allah ya yi ta, ni kuwa da jikina ta kawo ni. Ta bi gidan nan kusurwa kusurwa, ta buɗe ɗakin ajiya ta ga gero da shinkafa da mai, ta leƙa tukunya ta ga nama. Na ce to Alhamdu lillahi, ta gani. Ashe abin ƙara lalacewa ya yi, don cewa ta yi:

“Abinci na nan amma ba ya kama ki. To ba yunwa ba ce, baƙin ciki ne. Wannan ya fi muni.”

Fura kawai take damawa ta sha, wadda ta zo da ita. Da safe in zan fita ɗauko madara sai ta yafa zane ta biyo ni. Dada ta haura saba'in a lokacin, amma tafiyarta ta mai bin shanu ce, ba ta waiwaye. A da ko rabin hanya ba zan kai ba. Ran nan kafaɗa da kafaɗa muka je, muka dawo ina ɗauke da jarka a kai, muna tafe ina ba ta labari. Na ga tana satar kallon ƙafafuna. Ta ɗanɗana kindirmona ma, ta ce ya yi, sai dai na cika dafa madarar. Duk da haka da muka shigo gida ta ce in fara haɗa kayana.

Ana gobe kasuwa, aka kira azahar. Tun zuwanta a ɗaki nake salla ita a rumfa, amma ran nan zafi ya koro ni waje. Na yi alwala na shimfiɗa dadduma kusa da tata. Kafin in tayar sai na ga Dada ta tashi ta shiga ɗaki, ta fito tana jan kujerar robar nan, ta ajiye mini a kan dadduma kamar yadda ta saba gani. Na ce:

“Dada, na daina.”

Na janye kujerar na kabbara. Na yi ruku'u, na sauka, na ɗora goshina a ƙasa, na miƙe ba tare da na dafa komai ba. Ni a wajena abin ya riga ya zama jiki, ban ɗauka wani abin kallo ba ne. Da na sallame sai na ga ita ko tayarwa ba ta yi ba, tana tsaye da carbi a hannu, kuma a karon farko a rayuwata ni take kallo kai tsaye.

“Tun yaushe?”

“Tun farkon damina.”

“Goshinki ya taɓa ƙasa.”

“Ya taɓa, Dada.”

Ta sa gefen mayafi ta goge ido. Ta ce:

“Shekara da shekaru ina ganin kujerar nan. Ni da na haife ki ina kai goshina ƙasa, ke kina zaune kamar kakata. Babu sallar da ban roƙi Allah ya ɗauke miki ita ba. Ban san ta wannan hanya zai amsa ba.”

Ta tayar da sallarta. Da yamma kuma furarta ta dama.

Ranar kasuwa da safe ta ce in kawo mata munduwa. A ganina in ta karɓi munduwarta ta karɓi 'yarta ke nan. Na ɗauko na ba ta. Ta ƙulle a bakin zane ta fita ita kaɗai, ta hana kowa ya raka ta. Babanku bai je ko'ina ba ran nan, yana zaune a zaure da littafi a buɗe, na san ba karantawa yake ba. Sai bayan la'asar ta dawo. Ashe wajen maƙerin azurfa ta je, ta tsaya a kansa ya yanke munduwar ya rage mata faɗi. Ta kama hannuna ta zura, ta sa tafukanta biyu ta matse bakin har ya haɗu. Ta girgiza hannun nawa, munduwa ta zauna daram. Sannan ta kwance ɗaya bakin zanen ta fito da ɗan guntun azurfar da aka yanke, ta sa mini a tafi, ta ɗaga murya yadda na zaure zai ji.

“Kai wa mai gidan nan. Abin da ya ragu a jikinki shi ya sha zagi a kansa, don haka nasa ne. Kuma a zubo mini tuwon, na gaji da fura.”

Na kai masa. Ya karɓa da hannu biyu, ya daɗe yana kallonsa. Dada ta ci tuwon gidanmu malmala biyu, ta ce miyar ta yi gishiri. Washegari Buba ya zo ya mayar da ita ruga ita kaɗai. Mutanen gari ba su daina magana rana ɗaya ba, amma da aka ji Dada ta zo ta koma ba tare da ni ba, kuma aka ga shekara ta zagayo ban mutu ba, sai maganar ta yi ta raguwa. Wasu daga cikin matan da suka zo mini dubiya su ne daga baya suke sallama da safe su ce in jira su mu taka tare.

Kindirmon nan shi ya ƙarasa karatun ƙananan cikinku, kuma har yau ban sake jawo kujera zuwa dadduma ba. Dada ta rasu tana sa wa babanku albarka. Ba zan hana ku waya ba, ni ma da ita nake karɓar saƙon masu saye. Amma kafin ku tura hoton mutum ku tambaye shi, kuma in kun ga wani ya ragu, ku je ku gaishe shi ku ji daga bakinsa kafin ku rubuta amin. Wanda ke son barin aikinsa a cikinku, ya gwada sabon a ranakun hutu tukuna. Ke kuma Zainab, na ga kwalin shayin nan a jakarki.

Guntun azurfar kuwa, babanku ya mayar wa maƙerin ya buga masa zobe. Shi ne wanda kuka taso kuna gani a ƙaramin yatsansa, wanda ko wajen alwala juya shi kawai yake yi, ba ya cirewa. Kun sha tambayarsa inda ya samo shi yana ce muku kyauta ce. Yana zaure yanzu haka. Ku je ku gaishe shi, ku dubi hannunsa.